Dogo Ɗaya, Tutoci Barkatai: Tarihin Jirgin Ƙasa Da Siyasar Zango A Ikko



Da zarar gangar zaɓe ta fara kaɗawa, akwai wata gardama da ke tashi a majalisunmu wadda ba ta tsufa: wa ya gina jirgin ƙasa, wa ya kashe shi, wa ya farfaɗo da shi. Masu wannan gardama kuwa ba baƙin juna ba ne. Akwai tsofaffin 'yan goro waɗanda za su jero maka tashoshi daga Iddo har Kano ba tare da sun yi tuntuɓe ba: Ebute Metta, Agege, Ifo, Abekuta, Badun, Oshogbo, Offa, Ilori, Jabba, Mokwa, Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya. Akwai waɗanda iyayensu suka yi aikin reluwe, suka tashi da ƙarar usur a kunne. Akwai kuma samarinmu na yanzu da ke ɗaukar hoton sabon jirgi da waya suna turawa a WhatsApp da Facebook. In ba lokacin zaɓe ba, duk bakinsu ɗaya, son jirgi ya haɗa su. Amma kamfe na kankama sai ka ga an ja daga, wannan ya ɗauki tsintsiya, wancan ya buɗe lema, wani ya fice daga zauren hira cikin fushi, wani ya daina cin tuwo a inda ya shekara goma yana ci.

To, wannan abu ba yau aka fara shi ba. Shekara tamanin ke nan dogo da siyasar jam'iyya suna tafiya tare a ƙasar nan, kuma mu mazauna Kurmi muna da kaso babba a cikin labarin. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwaya, domin waiwaye adon tafiya ne.

Yadda dogo ya sauke mu a nan

Kafin zuwan jirgi, mai neman goro Gwanja yake nufa. Ayari ne na jakuna ƙarƙashin madugu, a yi watanni ana tafiya kafin a kai Salaga, a yi wasu watannin kafin a dawo gida. Turawa sun fara shimfiɗa dogo daga Ikko a 1896, ya kai Badun a 1901, ya kai Jabba a 1909. A can Arewa kuma aka ɗauko wani layin daga Baro a bakin Kwara, ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe layukan biyu suka zama hukuma ɗaya, shekara biyu kafin a haɗe Arewa da Kudu su kansu. Ke nan dogo ya riga Najeriya haɗuwa. A Jabba da farko sai an tsallaka da taragai a kan ruwa, har zuwa 1916 da aka gama gada. Daga nan tafiyar wajen mil 700 ta koma ta 'yan kwanaki.

Wannan ne ya juya akalar fatauci. Goron Gwanja ya koma biyo teku zuwa Ikko, a loda shi a tarago sai Kano. Alhaji Alhassan Dantata na cikin waɗanda suka fara gane wannan hanya, kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa. Ana cikin haka manoman Yarbawa na yankin Agege, Ota, Ifo da Shagamu suka rungumi dashen goro irin na Gwanja, sai ya zama ba sai an ƙetare teku ba. Kakanninmu suka sauka kusa da tashoshi, suka kafa zango, aka samu masu masauki, dillalai, masu ɗaurin huhu da 'yan dako. Shanu su gangaro a tarago, goro ya hau a tarago. Sabon Badun an kafa shi a 1916 a kan wannan harka. Zangon Agege ma tasha ce ta raine shi.

Mu lura da abu ɗaya tun daga nan. Bature bai shimfiɗa dogo don Bahaushe ya yi fatauci ba. Gyaɗa, auduga, ƙiraga da kuza yake so su isa bakin teku. Shi ya sa ya ƙara reshe zuwa Kauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930. Kakanninmu ne suka ga ƙofa a buɗe suka shiga. Babu jam'iyyar da ta yi musu alfarma, don a lokacin ma babu jam'iyyun.

Reluwe ta zama makarantar siyasa

Babu ma'aikatar da ta tara ma'aikatan albashi a zamanin Turawa kamar reluwe. A babban garejinta na Ebute Metta ne wani maƙerin inji ɗan ƙasar Edo, Michael Imoudu, ya fito fili ya jagoranci ƙungiyar ma'aikatan jirgi. Turawa suka tsare shi a 1943, lokacin yaƙin Hitila, ba su sake shi ba sai 1945. Ya dawo Ikko a watan Yuni, kuma kafin watan ya ƙare ma'aikata suka tsunduma yajin aikin gama-gari kan kuɗin tsadar rayuwa. Aka yi sama da kwana 40 abubuwa a tsaye. Duk wanda ya san goro ya san ba ya jira, sai an yi ta buɗe huhu ana tsince mai ƙwari ana sauya ganye. Sai ka ƙiyasta halin da mai kaya a tashar Agege ya shiga a wannan damina. Tun ran nan ɗan zango ya fahimci cewa rigimar da ba shi ya tayar ba tana iya cinye masa jari.

Dokta Azikiwe ya goyi bayan yajin, har gwamnati ta rufe jaridunsa biyu, West African Pilot da Daily Comet. Wannan ya ɗaga sunan jam'iyyar NCNC a wajen ma'aikata. A 1946 shugabanninta suka zagaya ƙasa, Imoudu na cikin tawagar. A Kano ne ciwo ya kama shugabansu Herbert Macaulay, aka dawo da shi Ikko ya rasu a watan Mayu. Daga baya Malam Sa'adu Zungur ya zauna a nan Ikko yana sakataren NCNC, ita kuma jaridar Comet ta koma Kano a 1949. A ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano. A 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta zama cikakkiyar jam'iyyar siyasa, a Yamma kuma Cif Awolowo ya fito da Action Group.

Jirgi ne ke ɗauke da duk wannan zance. Shi ke kai jaridun Ikko Arewa, shi ke kawo Gaskiya Ta Fi Kwabo daga Zariya. A tarago mai daraja ta uku, inda talaka ke kwana a zaune, nan ake musayar labari: wa aka ɗaure, wane alƙali ya yi wa ɗan NEPU bulala, me Sardauna ya ce. Sai dai akwai wani ƙulli. Yawancin akawuna, direbobi da shugabannin tasha, har a tsakiyar Arewa, mutanen Kudu ne, saboda sun riga mu shiga boko. Suna zaune a Sabon Gari, kuma zuciyarsu na tare da NCNC ko Action Group. Wannan ƙulli ne ya fashe a 1953.

Ihun tashoshi, 1953

Ranar 31 ga Maris 1953, a majalisar wakilai da ke Ikko, Anthony Enahoro na Action Group ya kawo ƙudurin a ba Najeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar, a bar shi sai lokacin da ya dace. Hujjar 'yan Arewa ita ce ba su da isassun ma'aikata masu ilmin zamani, in Bature ya tafi a lokacin, wani ne zai hau kujerarsa a Kaduna da Kano. 'Yan Kudu suka fice daga zauren. Da wakilan Arewa suka fito, taron jama'a ya yi musu ature da baƙaƙen maganganu, ana kiran su 'yan koren Turawa. Suka hau jirgi za su gida, abin bai ƙare ba, a tashoshin hanya ma aka riƙa yi musu ihu. Ka tuna a cikin tawagar akwai sarakuna da manyan 'yan majalisarsu, mutanen da a garuruwansu sai an tuɓe takalmi ake gaishe su.

Wannan tafiya ta jirgi ta bar tabo. Bayan makonni shida Action Group ta tura tawaga Kano ƙarƙashin Cif Akintola don neman goyon baya. Gari ya ɗauki zafi, aka soke taron, amma faɗa ya riga ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari daga 16 zuwa 19 ga Mayu. Ƙididdigar hukuma ta ce mutum 36 suka mutu, sama da 200 suka jikkata. Waɗanda suka yi ihu a tasha suna gidajensu, waɗanda aka yi wa ihun suna nasu gidajen. Talakan Fagge da talakan Sabon Gari ne aka kai makabarta.

Ga wani abin lura da masu gardamarmu ba su cika ambata ba. A cikin wannan fushi majalisun Arewa suka fitar da buƙatu takwas waɗanda kusan raba ƙasa suke nufi, kowace jiha ta ci gashin kanta. Amma ko a cikinsu an ware jirgin ƙasa da tashar jiragen ruwa, aka ce a bar su na kowa da kowa ƙarƙashin hukumomi masu zaman kansu. Haka kuma wakilan Arewa suka tsaya kai da fata a taron tsarin mulki cewa kada birnin Ikko ya zauna a hannun Jihar Yamma, kuma a 1954 aka mayar da shi ƙasar tarayya. Dalili a fili yake: gyaɗar Kano ba ta da wata ƙofa zuwa teku da ta wuce Apapa. Manya sun yi fushi iya fushi, amma ba su yi wasa da hanyar abinci ba.

Zango tsakanin fartanya, tauraro da zakara

Matasa da yawa ba su san cewa Agege da wannan yanki namu ba sa cikin Ikkon tarayya a wancan zamani ba. Ƙarƙashin Ikeja suke, a Jihar Yamma, har sai da Janar Gowon ya ƙirƙiro Jihar Legas a 27 ga Mayu 1967. Saboda haka ɗan zango ya samu kansa a tsaka mai wuya. Zuciyarsa tana gida, ko dai wajen fartanyar NPC masu kiran Salama, ko wajen tauraron NEPU masu kiran Sawaba. Amma rumfarsa ta kasuwa, kuɗin harajinsa, filin da ya gina gida da kotun da za ta yi masa shari'a duk suna hannun ƙaramar hukumar da Action Group ko NCNC mai zakara ke riƙe da ita. NEPU kuma ta ƙulla ƙawance da NCNC, sai lissafin ya ƙara cakuɗewa. Ka bi na gida ka ɓata da mai masauki, ka bi mai masauki a ce ka sayar da gida.

Wani Bature masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Badun a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi kan yadda Hausawan wurin suka bi da wannan zamani. Abin da ya gano shi ne, da mulkin Bature ya fara janyewa, kariyar da Sarkin Sabo ke samu daga hukuma ta yi rauni, jam'iyyu suka shigo unguwa suna jan mutane nan da can, cinikin goro da shanu ya shiga haɗari, tunda ciniki ne da ke tafiya kan amana da bashi ba tare da takarda ba. Sai mutanen Sabo suka nemo abin da zai ɗaure su wuri guda. A farkon shekarun 1950 akasarinsu suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya, a 1952 kuma suka tsayar da Juma'arsu a cikin unguwa. Ba ina kawo wannan don in ce wa kowa ya shiga ɗariƙa ko ya fita ba. Darasin shi ne, sun gane dillalin da ya ba ka shanu ashirin bashi da baki kawai, in kuka ɓata a kan jam'iyya, ba jam'iyyar ce za ta biya ba.

Zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959 ya zo da kamfen da ba a taɓa gani ba. Awolowo ya shiga ƙauyukan Arewa da jirgi mai saukar ungulu. Daga kujeru 312, NPC ta samu 134, NCNC da NEPU suka haɗa 89, Action Group ta samu 73. A daidai lokacin ana shimfiɗa dogon Barno, daga Kuru kusa da Jos, ya bi ta Bauchi da Gombe ya kai Maiduguri a 1964. Rancen farko da Najeriya ta karɓa daga Bankin Duniya, dala miliyan 28 a 1958, na aikin reluwe ne. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ne ministan sufuri lokacin da aka kafa hukumar jiragen ƙasa a 1955, mutumin Bauchi ne, don haka mai son gutsiri-tsoma ya samu abin faɗa. Amma ɗan Gombe da ya loda audugarsa bai tambayi tarago katin jam'iyya ba.

Yadda mota ta karɓe kaya

A 1964 jirgin ƙasa ya ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Bayan shekara goma, fasinja sun koma ƙasa da rabi, kaya sun koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Yaƙin basasa ya lalata layin Gabas, fari da cuta suka rushe dalar gyaɗa, kuɗin fetur ya shigo aka karkata ga kwalta. Babban titin Ikko zuwa Badun an buɗe shi a 1978. Aka ɗauko Indiyawa su gyara hukumar daga 1979 zuwa 1982, ta ɗan farfaɗo, suna tafiya ta sake kwanciya. Wannan mutuwa ta faru a hannun soja da farar hula, ɗan Arewa da ɗan Kudu. Duk wanda ya ce maka mutum ɗaya ne ya kashe reluwe, kamfe yake yi.

Kasuwarmu ita kanta shaida ce. Dattawanmu 'yan gwari a Iddo suka fara, a bakin tasha, kafin a taso su zuwa nan bakin titin Ikorodu. Sunan wurin ma na titi ne, mil goma sha biyu. Babu dogo a Mile 12. Mu jikokin jirgi ne amma 'ya'yan tirela.

A Jamhuriya ta Biyu tsohon ɗan reluwen nan ya sake bayyana a siyasarmu. Imoudu ya shiga PRP ta Malam Aminu Kano mai alamar mabuɗi, ya zama mataimakinsa. Da jam'iyyar ta dare biyu, 'yan Taɓo suka tsaya tare da Malam, 'yan Santsi suka bi gwamnoni biyu, Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna, kuma Imoudu ne shugaban ɓangarensu. Waɗanda suka kai shekaruna sun ga yadda wannan rabuwa ta biyo mota har zangunan Ikko. Ina yaro na ga dattawa biyu, abokan cinikin shekara da shekaru, sun raba tabarma saboda Santsi da Taɓo, alhali ko ɗayansu bai da rajistar zaɓe a Kano. Malam ya rasu a Afrilun 1983, soja suka kwashe jam'iyyun gaba ɗaya a ƙarshen shekarar, su kuwa dattawan nan ba su koma kamar da ba.

A wannan shekara ta 1983, shekarar zaɓe, Gwamna Lateef Jakande na UPN ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari wanda aka tsara zai haɗa Marina da Agege. Gwamnatin soja ta Janar Buhari ta soke aikin a 1985, aka kuma biya kamfanin Faransa diyya mai yawa ba tare da an samu ko taku ɗaya na dogo ba. Bayan shekara talatin, a kamfen 2015, 'yan PDP suka tono wannan magana suna jifan Buhari da ita a Ikko, su kuwa magadan siyasar Jakande da yawa suna cikin masu kare shi. Ka ji siyasa. Sannan a Janairun 2023, saura wata guda zaɓe, shi Buharin ne ya zo ya buɗe layin Blue Line daga Marina zuwa Mile 2.

To, wa ya gina?

Bari mu baje lissafin a faifai, kowa ya duba nasa.

Layin Itakpe zuwa Warri an fara shi a 1987 zamanin Janar Babangida, ba a buɗe shi ba sai Satumban 2020. Shekara 33, ya ratsa gwamnatoci iri-iri.

Sabon dogo daga Ikko zuwa Kano, Obasanjo ne ya ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilarsa a 2006 kan dala biliyan 8.3. Gwamnatin 'Yar'aduwa ta dakatar da ita, daga baya aka yanke shawarar a yi shi gunduwa-gunduwa.

Gunduwar Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, an yi aikinta zamanin Jonathan, Buhari ya ƙarasa ya buɗe a Yulin 2016. Tsohon layin Ikko zuwa Kano kuma zamanin Jonathan aka gyara shi, jirgin fasinja ya dawo a Disamban 2012.

Gunduwar Ikko zuwa Badun, wajen kilomita 157, an fara ta a 2017, aka buɗe a Yunin 2021 zamanin Buhari. Aka raba wa tashoshinta sunayen manya: Ebute Metta ta Mobolaji Johnson, Agege ta Babatunde Fashola, Agbado ta Jakande, Abekuta ta Wole Soyinka, Moniya ta Awolowo. Layin Kano zuwa Maraɗi an aza harsashinsa a Fabrairun 2021, aka yi ta cacar baki a kansa, wasu na cewa an kai dukiyar ƙasa Nijar, alhali mafi yawan tsawonsa a Kano, Jigawa da Katsina yake. Red Line, wanda ke tsayawa a Agege, Shugaba Tinubu ya buɗe shi a 29 ga Fabrairu 2024.

Kun ga ke nan, wanda ya sa hannu daban, wanda ya zuba kankare daban, wanda ya yanke kyalle daban. Dogo ya fi wa'adin kowace gwamnati tsawo. Mai lema yana da abin nunawa, mai tsintsiya yana da abin nunawa, kuma kowannensu yana da abin da zai sunkuyar da kai a kansa. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, inda aka kashe mutane aka kwashe wasu zuwa daji na tsawon watanni, bai tantance ɗan wace jam'iyya ke cikin tarago ba. Rancen da aka ci don waɗannan ayyuka kuma duka za mu biya.

Abin da ya shafi kwandonmu

Ga inda gizo ke saƙar. Tsohon dogo faɗinsa ƙafa uku da rabi ne, sabon kuwa ya haura ƙafa huɗu da rabi, jirgin wannan ba ya hawa wancan. Sabon da ya tashi daga Ikko a Moniya ya tsaya. Wanda ya tashi daga Abuja a Rigasa ya tsaya, ana aikin ƙarasa shi Kano. Tsakanin Badun da Abuja babu sabon dogo. Ma'ana, duk hotunan da muke turawa juna muna zage-zage a kansu, babu ɗaya da zai ɗauko kwandon tumatir daga Kadawa ko Ɗanja, ko buhun albasa daga Aliero, ya sauke a Ikko. Kayanmu har gobe a tirela suke, kwana biyu ko uku a hanya, shinge bayan shinge, ga tsadar man dizal, ga ramuka. Motar da ta lalace a Mokwa, rabin kayanta bola ne. A 2016 an gwada ɗauko shanu a jirgi daga Gusau zuwa Oko-Oba, aka yi murna, abin bai ɗore yadda aka so ba. A taswirar gwamnatin Legas akwai layin da aka zana daga Mile 12 zuwa Marina, wanda suke kira Brown Line, yana nan a takarda.

Sannan mu tuna zaman da muke yi. A Nuwamban 1999 rikici kan shugabancin kasuwa ya ci rayuka da dama a Ketu da Mile 12. A Maris 2016 wani ya sake ɓarkewa, gwamnati ta rufe kasuwa, har aka ta da maganar mayar da ita Imota. A farkon 2021, bayan abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Badun, ƙungiyar masu kayan abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa Kudu, aka tare motoci a Jabba, wurin da a da taragai ke jiran tsallake Kwara. Tumatir ya yi tsada a nan, ya ruɓe a gonakin Arewa, manomi ya yi kuka, mai saye ya yi kuka. A duk waɗannan ranaku, wanda ya buɗe maka ƙofa ka ɓuya maƙwabci ne, Bahaushe ko Bayarabe, ba wanda ya raba maka hula da atamfa ranar gangami ba.

Ba ina cewa a bar siyasa ba. Wanda bai da ƙuri'a a garin da yake kwana, ba a jin kukansa. Kowa ya yanki kati a inda yake zaune, ya zaɓi wanda ransa ya kwanta da shi. Amma tunda son jirgi ya haɗa mu, mu mayar da shi abin da za mu auna 'yan takara da shi, kowace tuta suka ɗauko. In sun zo fadar Sarkin Hausawa ko ofishin kasuwa neman goyon baya, shugabanninmu su tambaye su da baki ɗaya: yaushe za a haɗe Badun da Abuja, kuma da wane kuɗi? Kafin nan, me zai hana a gyara tsohon layi ya riƙa ɗaukar kaya a kan ƙa'ida, ranar tashi sananniya, ranar isowa sananniya? Za a kawo taragai masu sanyi don kayan gwari? Ina za a sauke kayan, kuma yaya za su iso Mile 12 daga tasha? In an ce kasuwa za ta tashi, wa zai zauna da mu kafin a yanke? A rubuta amsoshin, a karanta su a taron ƙungiya, a ajiye takardar har shekara huɗu ta zagayo.

Su kuma samarinmu masu zaurukan hira, ku ci gaba da ɗauko mana hotuna da labarin jirgi, abu ne mai kyau. Wanda ya kawo magana ya kawo ta da shekara da adadi. Wanda ya zagi uban wani a cire shi ko ɗan jam'iyyarku ne. Ku je wajen tsofaffin Agege ku naɗi labarinsu tun suna raye, su gaya muku yadda ake kwana a Jabba da yadda ake cinikin tarago, don wannan tarihi ba ya cikin littafin makaranta.

Fartanya ta tafi, tauraro ya tafi, zakara ya tafi, mabuɗi da masara sun yi zamaninsu. Gadar Jabba ta 1916 ta ga wucewarsu duka. Na yanzu ma za su bi sahu, mu da maƙwabtanmu za a bari a kasuwa ɗaya.

Allah ya ba mu zaɓe lafiya, ya tsare matafiyanmu, ya sa albarka a kasuwa. Wassalam.